MARYAMU SLESSOR, UWAR MARAYU TA ƘASAR KALABA

Ranar jubili ranar tunawa ce. Muna tuna cewa a watan Janairu na 1921 'yan Mishan na Assemblies of God suka iso Wagadugu bayan doguwar tafiya ta ruwa da ta tudu. Muna tuna kuma cewa a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, har ya zama kowane ɗan zango mai iya karatu yana iya jin maganar Allah da harshen da ya sha a nono. A irin wannan rana yawanci sunayen maza ake ambata, wato fastoci da masu bishara da dattawa. Amma kowa ya sani ekklesiya ba ta tsayawa sai da mata, su iyaye da kakanni waɗanda suke tashi tun da asuba su hura wuta, su ciyad da nasu da na wani.

Saboda haka muka ga ya kamata mu ba da labarin wata baiwar Allah a cikin wannan ɗan littafi, ita ce Maryamu Slessor. Ba ta taɓa zuwa Wagadugu ba, aikinta duka a kudancin Nijeriya ta yi shi, wajen bakin teku. Duk da haka zamanta ya yi kama da namu, mu da muke zaune a Dapoya da sauran unguwannin baƙi. Baƙuwa ce a ƙasar waɗansu. Da hannunta ta ci abinci tun tana yarinya. Danginta suka ƙare ta ragu ita kaɗai, aminiyarta mafi kusa kuwa ba mai bi ba ce. Wanda ya rasa dangi saboda sunan Yesu, ko wanda yake tambaya yadda zai zauna da maƙwabcin da bai karɓi bishara ba, bari ya karanta a hankali.

YARINYA A MASAƘA

An haifi Maryamu ran 2 ga Disamba 1848 a Aberdeen, cikin ƙasar Sikotilan, arewa da Ingila. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya bakwai. Ubanta baduku ne mai ɗinkin takalma, amma giya ta rinjaye shi, har sana'arsa ta lalace. Uwarta masaƙiya ce, mai tsoron Allah. A 1859 talauci ya kore su zuwa birnin Dundee, inda akwai manyan masaƙu na inji, suka zauna a ɗaki guda a unguwar matalauta.

Tana da shekara 11 aka sa ta aiki a masaƙar Baxter, rabin yini a gaban inji, rabin yini a makarantar masaƙar. Da ta kai shekara 14 sai aikin ya zama na yini duka, daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma. Kuɗin da take samu shi ne yake taimakon uwarta riƙe gida. Daren Asabar kuwa daren tsoro ne a gidan, gama a ranan ne uban yakan komo a buge, wani lokaci har ya kori yarinyar waje cikin sanyi. Ita da uwarta suka rufa wannan asiri shekaru da yawa. Nan ta koyi tsayawa gaban mutum mai fushi ba tare da ta gudu ba, ba ta kuwa san Allah yana shirya ta domin wani wuri ba.

Ta ba da zuciyarta ga Ubangiji tun tana ƙarama. Takan jingina littafi a jikin injin saƙa tana karatu tana aiki, kamar yadda Dauda Livingstone ya yi a zamanin ƙuruciyarsa. Ran Lahadi da maraice na mako takan koyar da yaran titi a wata ƙaramar makarantar Mishan. Wata rana gungun samari suka tare ta a hanya, babbansu yana wulwula dalma a bakin igiya, yana matsowa da ita har ta shafi goshinta. Maryamu ba ta motsa ba. Da yaron ya ga haka sai ya jefar da igiyar, shi da abokansa duka suka bi ta zuwa wurin sujada.

Uwarta takan karanta musu labarin Mishan na Kalaba a cikin jaridar ekklesiyarsu, tana fata ɗaya daga cikin 'ya'yanta maza ya tafi can. Amma mazan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da labarin rasuwar Livingstone, wanda ya mutu a 1873, ya bazu a Sikotilan, sai Maryamu ta ji kiran ya faɗo a kanta. A 1875 ta miƙa kanta ga Mishan na ekklesiyar Presbyterian, aka karɓe ta, aka ba ta horo na 'yan watanni a Edinburgh.

ZUWA KALABA

Ran 5 ga Agusta 1876 ta shiga jirgin ruwa mai suna Ethiopia a Liverpool, tana da shekara 27. Ta ga an cika jirgin da gangunan barasa da za a kai wa mutanen Afirka, mai bishara kuwa ita kaɗai ce a ciki, abin ya yi mata zafi ƙwarai. A watan Satumba ta sauka a Duke Town, cikin Kalaba.

An kafa Mishan na Kalaba tun 1846. Hope Waddell ne ya jagorance shi, tare da shi kuwa akwai masu bi baƙar fata daga tsibirin Jamaika, zuriyar bayin da aka kwashe daga Afirka, waɗanda suka so bishara ta koma ƙasar kakanninsu. Maryamu ta tarar an riga an juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Efik. Ta duƙufa kan koyon harshen, a littafi da kuma a tsakar gidajen mata, har ya zama mutanen ƙasar suna shaida cewa ta iya shi kamar 'yar gari, da karin maganarsa da ba'arsa.

Albashinta fam 60 ne a shekara, yawancinsa kuwa gida take aikawa domin uwarta da ƙannenta mata. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita har aka mai da ita gida a 1879. Da ta komo a 1880 aka sa ta ita kaɗai a Old Town. Nan ta bar abincin Turawa mai tsada, ta koma cin doya da ayaba da kifi da manja, ta zauna a ɗakin ƙasa mai jinka. Da fari rashin kuɗi ne ya sa ta haka, amma daga baya ta gane wannan ne ya buɗe mata ƙofofin da suke rufe ga sauran Turawa, gama mutum ba ya jin kunyar wanda suke ci a akushi ɗaya.

TAGWAYE

A wurinmu Hausawa haihuwar tagwaye abin murna ne, Hasan da Husaini, Hasana da Husaina. A ƙasar Kalaba ta wancan zamani ba haka ba ne. Sun gaskata cewa ɗaya daga cikin tagwayen ɗan mugun ruhu ne, da yake kuwa ba a san wanne ba, sai a hallaka su duka biyu, a sa a tukunya a jefar a kurmi. Uwar kuma a kore ta daga gari, ba ta shiga kasuwa, ba ta bin hanyar da mutane suke bi. Haka kuma jaririn da uwarsa baiwa ta mutu, sau da yawa akan yar da shi, don babu mai ɗaukar wahalarsa.

Kada mu ɗora mata abin da ba ita kaɗai ta yi ba. Tun kafin zuwanta 'yan Mishan da waɗansu sarakunan Efik suna yaƙi da wannan al'ada, a 1878 kuma aka yi yarjejeniya da ta hana ta a garuruwan Kalaba. Amma doka a takarda ba ta cire tsoro daga zuciya, ba ta kuma kai ƙauyukan kurmi. Abin da Maryamu ta yi shi ne, da ta ji an haifi tagwaye, ko da tsakar dare ne, sai ta ruga da ƙafa ta ɗauko su ta kawo ɗakinta, ta yi musu wanka, ta kwantar da su kusa da ita, domin kowa ya gani da idonsa cewa babu masifar da ta auko mata.

Cikin waɗanda ta ceta akwai wata yarinya da aka kashe ɗan'uwan haihuwarta. Maryamu ta raɗa mata suna Janie, sunan ƙanwarta, ta tafi da ita Sikotilan a 1883, aka yi mata baftisma a can. Wannan yarinya ita ce ta zama babbar 'yarta, mai taimakonta har ranar mutuwa.

A wannan tafiya ta tarar da ƙanwarta Janie da ciwon huhu, wata ƙanwar kuma ta rasu. Ta kai uwarta da mai ciwon kudancin Ingila inda sanyi bai yi tsanani ba, ta yi jinya iyakar ƙoƙarinta, kāna ta komo bakin aiki a ƙarshen 1885 da yardar uwarta. Cikin 'yan watanni wasiƙu suka iso, uwa ta rasu, ƙanwa ta bi ta. Tana da shekara 37 ba ta da uwa, ba uba, ba wa, ba ƙane, ba miji. Ta yi kuka mai zafi. Bayan wannan ta roƙi Mishan su bar ta ta shiga cikin ƙasa, tun da yake babu sauran wanda zai kwana da fargaba dominta.

OKOYONG DA MA EME

Ƙasar Okoyong tana tsakanin kogin Kalaba da kogin Kuros. Mutanenta jarumawa ne, ba sa fita ko gona sai da bindiga da adda, abin da suke saye daga bakin teku kuwa barasa ne da albarushi da sarƙa. In babban mutum ya mutu sai a ce maita ce, a kama mutane a ba su wani wake mai dafi da ake kira esere, kamar yadda aka san shan gwaska a ƙasashenmu dā. Wanda ya amayar ya kuɓuta, wanda bai amayar ba ya mutu. Akan kuma kashe bayi da mata su raka mamacin.

A watan Agusta 1888 Maryamu ta tashi zuwa can. Sarki Eyo na Creek Town, wanda shi mai bi ne, ya ba ta aron kwalekwalensa. Suka sauka a gaɓa da almuru, ruwa yana zuba, ta bi hanyar kurmi mil huɗu da yara biyar, babbansu ɗan shekara 11, ƙaramar kuwa tana ɗauke da ita. Haka ta shiga ƙauyen Ekenge, aka ba ta ɗaki a cikin gidan matan sarkin garin, mai suna Edem.

A wannan gida ta sadu da 'yar'uwar sarkin, Ma Eme, mace mai jiki da kwarjini, gwauruwar wani babban mutum. Ita ma ta ɗanɗana zafin al'adar ƙasarta, gama da mijinta ya mutu an gwada ta tare da kishiyoyinta don a ga wadda ta kashe shi, da kyar ta tsira. Tun daga farko ta ɗauki baƙuwar kamar 'yar'uwa. Ita ce take koya mata wanda za a gaisar da fari, da lokacin magana da lokacin yin shiru. A gaban jama'a sukan yi kamar ba su shaƙu ba, don in an gane Ma Eme tana kai labari ranta yana cikin hatsari. Sai suka yi wata alama tsakaninsu: in ana shirin yaƙi ko ba da dafi a ɓoye, Ma Eme takan aiko da kwalbar magani wofi, kamar tana neman a cika mata. Da ganin kwalbar Maryamu ta san akwai rai a bakin mutuwa, sai ta bar abin da take yi ta kama hanya.

A 1889 aka gwada wannan abuta. Etim, babban ɗan Edem, yana aikin ginin ɗakinsa, sai gungume ya buge shi a wuya, ya shanye, bayan mako biyu ya mutu. Boka ya ɗora laifin a kan wani ƙauye. Aka kai musu hari, aka kamo mutane wajen goma sha biyu, har da mata masu goyo, aka ɗaure su da sarƙa a jikin ginshiƙai, ana jiran ranar biso. Gari ya cika da mayaƙa a buge. Maryamu ta zauna a ƙasa kusa da ɗaurarrun, ta ƙi tashi. Akwai wani kafinta ɗan ƙasarsu, Charles Ovens, wanda ya zo gina mata ɗaki, suka riƙa karɓa-karɓa, ɗaya da rana ɗaya da dare, kwana da kwanaki. Aka yi mata tsawa, aka yi barazanar ƙone ɗakinta, ba ta gusa ba. Aka riƙa sakin mutanen da ɗaya ɗaya. Ma Eme ta durƙusa gaban ɗan'uwanta a bainar jama'a ta roƙi ran wata mace, aka ba ta. A ƙarshe saniya aka yanka aka binne tare da Etim. Dattawan Okoyong ba su taɓa ganin an binne ɗan sarki ba tare da jinin mutum ba sai a ranan.

Ku lura fa, 'yan'uwa: Ma Eme ba ta karɓi baftisma ba har ƙarshen ranta. Takan zo sujada ta saurara, ta koma ta yi hadaya a wurin tsafin gidansu. Wannan ya zama nauyi a zuciyar Maryamu, ta yi ta yin addu'a dominta shekara da shekaru, ba ta kuwa ɓoye mata gaskiyar bishara ba. Amma ba ta mai da tuba sharaɗin abuta ba, ba ta kuma taɓa ƙin faɗin alherin da matar ta yi mata ba. Bayan Maryamu ta ƙaura zuwa wata ƙasa, da tsufa ya kama su duka biyu, ta komo ziyara Okoyong, suka zauna suka tuna kwanakin dā kamar 'yan uwa ɗaya.

MAI AIKI DA HANNU, MAI RABA GARDAMA

Maryamu ba ta bar halin masaƙiya ba. Ita da kanta take kwaɓa ƙasa ta yi gini, ta hau jinka ta toshe yoyo, ta dama siminti ta shafe daɓe. Ta aske gashinta gajere, takan yi tafiya ba takalmi ba malafa, abin da ya ba Turawan Kalaba mamaki. Ta buɗe makarantu, ta ba da magani, ta wanke gyambo. Da ta ga zaman banza da barasa suke haddasa yawancin faɗa, sai ta lallashi sarakunan Okoyong suka ajiye makamai suka tafi Creek Town wurin Sarki Eyo, aka ƙulla cinikin manja tsakaninsu. Ta kuma matsa wa Mishan a kafa makarantar koyon sana'a, aka buɗe makarantar Hope Waddell a Kalaba a 1895.

A 1892 gwamnatin Ingila ta so ta aika da Bature mai hukunci zuwa Okoyong. Maryamu ta ce mutanen ba za su karɓi baƙon da bai san su ba, jini ne zai zuba. Sai Sir Claude MacDonald ya naɗa ta ita kanta mataimakiyar wakilin gwamnati, ta riƙa zaman shari'a. Takan zauna a inuwa da saƙar ulu a hannu, jariri a cinya, masu ƙara suna magana tun safe har yamma, tana barinsu su zubar da fushinsu duka kafin ta yanke. Ba ta bukatar tafinta, ta kuma san al'ada, saboda haka da wuya a ruɗe ta. Mace ce mai zafin rai, an san ta da mare wa babban mutum kunne in ya ƙi yin shiru a kotu. A 1905 aka sa ta a kotun Ikot Obong, ta ƙi karɓar albashin wannan aiki domin kanta, ta riƙe shi har 1909.

Akwai wani malamin Mishan, Charles Morrison, wanda ya nemi aurenta, ta yarda a 1891 bisa sharaɗi cewa zai zo su yi aiki tare a Okoyong. Hukumar Mishan ba ta yarda a ɗauke shi daga Duke Town ba, lafiyarsa kuma ta lalace ya bar ƙasar. Maryamu ta zaɓi ta zauna wurin mutanenta, auren bai yiwu ba.

Bayan ta ƙaura zuwa Akpap a 1896, inda kasuwa ta koma, sai agana ta faɗa wa ƙasar. Ta yi ta yi wa mutane lamba tun safe har dare, ta mai da tsohon ɗakinta na Ekenge wurin jinya. Mutane suka gudu suka bar marasa lafiya. Edem, wanda ya ba ta masauki, wanda kuma suka sha jayayya da shi, ya kamu ya mutu ba kowa a kusa sai ita. Da hannunta ta haɗa akwatin gawa, ta haƙa kabari, ta binne shi, ta bi kurmi da dare ta koma Akpap.

Wanda yake ƙirga amfanin aiki da yawan waɗanda aka yi wa baftisma zai yi mamaki. Sai a 1903, bayan shekara 15, aka yi Jibin Ubangiji na fari a Okoyong, waɗanda aka karɓa cikin ekklesiya a ranan kuwa ana iya ƙirga su da yatsun hannu. Ita ta share gona ta yi shuka, waɗansu suka zo suka yi girbi.

GIDAN KAKA

Mutanen ƙasar suna kiranta Ma, wato Iya, daga baya kuma Ma Akamba, babbar uwa, har suka yi mata laƙabi da uwar dukan mutane. Gidanta bai taɓa rabuwa da kukan jarirai ba. Da dare takan rataye su cikin 'yan zannuwa kamar lilo kewaye da gadonta, kowane da igiya zuwa hannunta, in ɗaya ya farka sai ta ja igiyarsa har ya koma barci. Da yawa sun zo mata a raunane suka mutu a hannunta, ta binne su da hawaye. Waɗanda suka rayu ta goye su kamar na cikinta, suka ɗauki sunanta. A 1898 ta tafi Sikotilan da 'yan mata huɗu don ba ta da wurin barinsu, a 1907 kuma ta tafi da ɗanta Dan. Ta aurar da 'yan matan da suka girma, ta ɗauki 'ya'yansu a cinya. Matar da ba ta taɓa haihuwa ba, Allah ya nuna mata jikoki.

Kyautarta ba ta da ma'auni. Akwatunan tufafi da ekklesiyoyin Sikotilan suke aiko mata, kafin a jima sun ƙare a jikin waɗansu. Kuɗin da aka ba ta don ta huta ko ta sayi magani yakan tafi wajen ginin makaranta. Iyayen tagwaye da aka kora, da matan da suka gudo daga duka, da bayin da ake nema a kashe, duk ƙofarta suke nufa. Ta ga sadaka kaɗai ba za ta tsai da su da ƙafafunsu ba, saboda haka a Use ta nemi fili ta dasa itatuwa ta sa dabbobi, domin irin waɗannan mata su sami sana'ar da za su ci da kansu.

Bayan yaƙin Aro na 1901 zuwa 1902, sa'ad da aka rushe babban tsafin Arochukwu wanda ta wurinsa aka sayar da mutane masu yawa bauta, hanya ta buɗe zuwa arewa. Maryamu ta haura shekara hamsin, jikinta ya gaji da zazzaɓi da sanyin ƙashi, duk da haka ta bar Akpap ga waɗansu ta ci gaba. Ta kafa aiki a Itu, tsohuwar kasuwar bayi, inda aka gina asibiti da sunanta, kāna ta wuce Use da Ikpe cikin mutanen Ibibio. Wani jami'in gwamnati, Charles Partridge, ya kawo mata keke ta koyi hawa da tsufanta, suka yi abuta ta wasiƙa shekaru da yawa. Da ƙafa ta gaza sai 'ya'yanta suka riƙa tura ta a kujera mai ƙafafu daga ƙauye zuwa ƙauye. A 1913 aka ba ta lambar girma ta St John daga Ingila, ta karɓa da kunya, ta koma ɗakinta na ƙasa.

Labarin Babban Yaƙi na 1914 ya buge ta ƙwarai, zazzaɓi ya komo da ƙarfi. Ta rasu a Use ran 13 ga Janairu 1915, tana da shekara 66, Janie da sauran 'ya'yanta suna kewaye da ita. Aka ɗauki gawarta a jirgi aka gangara kogin Kuros zuwa Duke Town, aka sassauto da tutocin gwamnati, jama'a suka cika hanya har makabarta. Kayan da ta bari kaɗan ne: 'yan tsofaffin tufafi, da wasiƙu, da Littattafai Masu Tsarki waɗanda ta cika gefen shafofinsu da rubutun hannunta. A 1997 wani banki na Sikotilan ya sa hotonta a takardar fam goma, a Kalaba kuma an kafa mutum-mutuminta riƙe da tagwaye.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne, yau yana nan gobe ya tashi. Maryamu ta zauna shekara 38, ta ci abin da masu gari suke ci, ta yi makoki a makokinsu, ta binne matattunsu, har suka daina ganinta baƙuwa. Mu ma a nan baƙi ne sau biyu: Hausawa a ƙasar Mosi, masu bin Yesu kuma a cikin zango. Muna iya rufe ƙofa mu zauna mu kaɗai muna ƙorafi, muna kuma iya koyon harshen maƙwabci, mu je suna da jana'iza, mu zama na fari a bakin ƙofar mai ciwo.

Akwai a cikinmu waɗanda iyaye suka juya musu baya ranar da suka yi baftisma, aka hana su gādo, aka raba su da mata ko miji. Ba mu raina wannan ciwo ba. Amma ku dubi yadda Ubangiji ya gina wa wannan mata gida daga yaran da aka yar a kurmi. Maraya yana nan a unguwarmu, da gwauruwa, da yarinyar da aka kora. Wanda ya buɗe musu ƙofa ba zai tsufa shi kaɗai ba.

Ga iyayenmu mata kuma, masu tuyar ƙosai da waina, masu dama fura, masu kasa kaya a kasuwar Sankariyare, ku da kuke goyon jikoki da ɗan abin da ciniki ya bari, kada wata ta ce ba ta da ilimi ko dukiyar da za ta yi wa Allah aiki. Dokas ta Yafa, wadda aka ba da labarinta cikin Ayyukan Manzanni sura 9, allura da zare ne kayan aikinta. Maryamu kuwa 'yar masaƙa ce mai karatun rabin yini.

Kowannenmu kuma yana da tasa Ma Eme: ƙawa ko amini, gwaggo ko kawu, wanda ya rufa mana asiri ranar wahala, ya kawo tuwo a ɓoye sa'ad da gida ya ƙi mu, amma har yau bai karɓi Mai Ceto ba. Kada mu yanke zumunci da shi, kada kuma mu ɓoye masa bisharar don neman zaman lafiya. Mu riƙe amanarsa, mu faɗi alherinsa a gaban mutane, mu ambaci sunansa kullum a gaban Allah, wanda shi kaɗai ya san zukata.

Ubangiji wanda ya kira Maryamu daga gaban injin saƙa, ya riƙe ta cikin kurmi har ƙarshe, shi ya tashe mana irinta daga cikin 'ya'yanmu da jikokinmu, ya kuma same mu da aminci a wurin da ya ajiye mu. Amin.